Saiwar da Ta Ratsa Katanga

Bayan ruwan farko da kwana kaɗan, a gindin katangar tsakar gida inda daɓe ya ɗan tsage, sai a wayi gari da wani tsiro mai jan kai, bakin ganyensa kamar haƙoran zarto. Uwargida ta sa hannu ta fizge. Idan ya fito salin-alin da 'yar saiwarsa doguwa siririya, ƙwallon darbejiya ne da jemage ya yar da dare, magana ta ƙare. Idan kuwa ya tsinke ya bar gindinsa a ƙasa, aka kawo fartanya aka tona, sai ga wata saiwa a kwance, kaurinta kamar hannun yaro, ta ɓullo daga ƙarƙashin katanga ta miƙa wajen rijiya, to, bishiyar maƙwabci ce ta shigo gida ba sallama.

Daga nan magana ta koma zaure. Maigida ya jira a idar da sallar la'asar, ya ja maƙwabcinsa gefe: "Malam, darbejiyarka fa ta shigo mana." In an yi dace da mai sanyin hali, amsar ba ta wuce, "Ashsha, Alhaji, ban sani ba, mu je in gani." In ba a yi dace ba, sai a ji bishiyar ta girmi katangar, mahaifinsa ne ya dasa ta tun unguwar tana gonaki, kuma inuwarta kowa ke sha. Masu unguwanni daga Kano zuwa Maraɗi sun san wannan ƙara sarai. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, bishiyar da ake gardamar a kanta baƙuwa ce ta kwanan nan, yanzu ne take kusantar shekara 100 a Najeriya, alhali hukuncin da ake raba gardamar da shi ya haura shekara 1,000.

Wanda ya tashi ya tarar da darbejiya a kowace ƙofar gida zai yi wuya ya yarda kakannin kakanninsa ba su taɓa ganinta ba. Amma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya hau Dala ya kalli birnin, ya kuma zaga lunguna a kan doki, itatuwan da ya ambata sun haɗa da dabino da gwanda da rimi da alilliba. Sunayen tsofaffin unguwanni ma shaida ne: Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Rimin Kira. Waɗannan su ne inuwar mutanen da. Ko a 1916, da likitan Turawa J. M. Dalziel ya buga sunayen tsirrai na Hausa da ya tattara, 'yar'uwarta ce ta riga ta samun suna, wadda ake kira kurnar nasara.

Asalin darbejiya Indiya ne da ƙasar Bama. Sunan da masana suka ba ta, Azadirachta indica, daga Farisanci aka samo shi, ma'anarsa 'yantacciyar bishiyar Indiya. Indiyawan da suka yi ƙaura a ƙarni na 19 sun tafi da ita tsibirin Morishiyos da gabashin Afirka da wasu wurare masu nisa. A Afirka ta Yamma kuwa, Gwamna Guggisberg, wanda ya riƙi Gana daga 1919 zuwa 1927, shi ake danganta wa kawo ta. Daga can aka ɗauko irin da aka dasa a lardin Barno a 1928. Turawan gandun daji suna neman bishiyar da za ta ba da inuwa da itacen wuta da dirkoki a ƙasar da ruwan shekara bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba, wadda jigawa ba ta dame ta ba, gara ba ta cika cin katakonta ba, in an sare ta kuma ta sake tohowa ba tare da an kashe ko sisi ba. Darbejiya ta cika duk waɗannan sharuɗɗa. Gandayen rainon itatuwa na En'e suka kama yaɗa ta a bakin hanya da kasuwa da makaranta da asibiti, har Maiduguri ta yi suna da titunanta masu inuwa. A Sakkwato, wani masanin ƙasa mai suna Radwanski ya buga bincike a 1969 da ya nuna yadda ganyen da take zubarwa ke gyara jan rairayi mai tsami.

Talakawa ba su jira an roƙe su ba. Kowane yanki ya raɗa mata suna: Kanawa suka ce darbejiya, Katsinawa da mutanen Nijar suka ce bedi, wasu suka ce maina, kowa kuma ya san dogon yaro, sunan da ya faɗi halinta ƙarara, don shekara uku sun ishe ta ta ɗara rufin ɗaki. Reshenta ya zama asuwaki, ganyenta ya shiga tukunyar siracen mai zazzaɓi, ya shiga rumbu don korar ƙwari. Mai shayi da mai faci da malamin allo duk suka kafa a gindinta. Bayan farin 1973 da na 1984, gwamnatoci suka dage da gangamin dashen itatuwa, ana raba dashe a leda kyauta, kuma mafi yawansa ita ce. Alhazai ma sukan gane ta a filin Arfa, inda aka dasa kusan 50,000 don mahajjata su samu inuwa.

A wannan gangamin ne ta bar bakin titi ta shige cikin gidaje. Filaye kuma suka yi ta ƙanƙancewa. Gidan da a da yake da fili har da garken awaki ya koma filotin awon igiya, an kewaye da bulo a kan harsashin da bai kai gwiwa ba, ga sokawe a kusurwa, ga bututun ruwa a ƙarƙashin daɓe. Don kada ta tare tsakar gida, sai a dasa ta taku ɗaya daga katanga. Mai dashen yana kallon sama, yana lissafin inuwa. Abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ba ya cikin lissafinsa.

Darbejiya tana da saiwa iri biyu. Akwai babbar da ke nutsewa kai tsaye neman ruwa, akwai kuma na gefe da ke bazuwa kusa da saman ƙasa, waɗanda kan kai mita 15 daga gindi, wato sun ratsa gida biyu ke nan a unguwar talakawa. A jikin waɗannan na gefe ne idon toho ke fitowa, kamar idon da ke jikin dankali. Muddin kan bishiya yana nan lafiya, ƙarshen rassa na aiko da wani sinadari da masana ke kira oksin zuwa ƙasa, shi ne ke danne idanun. Da zarar an datse kan, ko an yi wa bishiyar aski mai tsanani, ko diga ta ji wa saiwa rauni wajen haƙar harsashi, sai dannewar ta sassauta, idanu su buɗe. Shi ya sa wanda ya matsa wa maƙwabci har ya sare bishiyar daga gindi kan tarar da toho goma a inda da yake fama da biyu. Haka wanda ke bin tohon da adda yana sarewa daidai ƙasa: kowane sara na barin ɗan kututture mai idanu, bayan mako biyu ya dawo da 'yan'uwansa. Tohon ba ya jin fari kamar tsiron iri, don uwa ce ke shayar da shi ta ƙarƙashin katanga. Halin da Turawan gandun daji suka yaba, na ƙin mutuwa, shi ne dai halin da ke kai mutane gaban mai unguwa.

Manomi bai ga sabon abu a nan ba. Maje da doka da taura a dajin kudu, aduwa da kanya da gawo a arewa, duk suna toho daga saiwa, kuma kowace bazara da su ake fama wajen sassabe. Al'adar gona ma ta daɗe da raba mallakar ƙasa da mallakar bishiya. Ana iya sayar da gona a bar ɗorawar da ke cikinta a hannun mai ita na farko, ana iya raba gado gona ta faɗa wa wani tsamiya ta faɗa wa wani. A kan iyaka kuwa ba a cika dasa babbar bishiya ba. Gamba ake sawa, ko lalle, ko aguwa, ko cini-da-zugu, abin da zai nuna iyaka ba tare da ya ci amfanin maƙwabci ba. Wannan hikimar ce ba ta biyo mutane zuwa sababbin unguwannin birni ba.

Idan gardama ta gagari dattawa ta kai gaban alƙali, akwai littattafan da ake buɗewa, kuma tushensu ƙa'idar nan ce ta cewa cuta gusar da ita ake yi. Abu Dawuda ya ruwaito labarin Samura ɗan Jundub, Allah ya yarda da shi, wanda yake da wasu dabinai a cikin lambun wani Ba'ansare. Mutumin yana zaune a lambun da iyalinsa, shigar Samura tana takura musu. Ya nemi a sayar masa, ba a yi ba. Ya nemi a yi musaya, ba a yi ba. Sai ya kai maganar ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi ma ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya: sayarwa, musaya, sannan kyauta da kwaɗaitar da lada. Sai da duk suka ci tura ya ba Ba'ansaren izinin tumɓuke dabinan. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ruwayar, amma malaman fiƙihu sun daɗe suna kafa hujja da ita, kuma abin lura a cikinta shi ne jerin matakan. Gatari ne ya zo ƙarshe.

Malikiyya sun zurfafa a wannan babi fiye da yadda mutum zai zata. A birnin Tunis na ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba katangar da ake shari'a a kanta ya dawo ya ba da bayani. Daga baya ya tattara abin da ya gani da abin da ya karanta a littafi guda kan hukunce-hukuncen gini, har da itatuwan da ke taɓa ginin maƙwabci. Muhtasar na Shaihu Halil ya taƙaita hukuncin: idan katanga ce ta riga, aka dasa bishiya daga baya, a sare abin da ke cutar da katangar, idan bishiya ce ta riga, malamai sun rabu gida biyu. Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna haddacewa, ta ware fasali guda a kan cutarwar itatuwa. A cikinsa an nuna cewa in bishiya ta girmi katanga, ra'ayin da ya fi shahara shi ne a ƙyale ta, don wanda ya zo ya yi gini kusa da ita ya gan ta da idonsa. An nuna kuma maƙwabci ba shi da ta cewa a kan tsawon bishiya ko faɗinta muddin tana cikin sararin mai ita, amma duk reshen da ya ƙetare zuwa sararin wani a datse shi daidai iyaka. Ashe mutumin da ke cewa darbejiyarsa ta girmi katanga ba gardamar banza yake yi ba. Ko ya sani ko bai sani ba, hujjar Tuhfa ce a bakinsa. Matsalarsa ɗaya ce: a yawancin unguwannin yau, katanga ake fara yi kafin a kawo dashe.

Sai kuma mas'alar da ta fi kowace kusa da tsakar gidan nan mai tsagaggen daɓe, wadda aka tattauna tun zamanin almajiran Imamu Malik. Saiwar bishiyar wani ta shiga ƙasar maƙwabci, ta yi toho a can, tohon ya girma. Na wane ne? Mai bishiya zai ce ɗan bishiyarsa ne, mai ƙasa zai ce a ƙasarsa ya tsiro. Amsar da suka bayar ta duba amfanin kowa. Idan mai bishiya zai amfana da tohon, wato zai cire shi ya dasa a wani wuri ya kama, yana da ikon ɗaukar abinsa. Idan ba shi da wani amfani da shi, barinsa kuma ba ya cutar da uwar, to ya zama na mai ƙasa, sai dai in yana da ƙima ta katako ko itacen wuta, a biya mai bishiya kuɗinsa a matsayin sararren itace. Itatuwan da ke gabansu zaitun ne da ɓaure da rumman na Masar da Magrib da Andalus, ba su taɓa ganin darbejiya a Sabon Gari ko Tudun Wada ba, amma hukuncin ya zauna mata daram kamar don ita aka yi shi. Yana da kyau a ce masu unguwanni sun san shi, don yana ba kowane ɓangare abin da zai riƙe ya koma gida ba tare da jin an danne shi ba.

Zuwan Turawa ya ƙara wasu dokoki a kan waɗannan. Najeriya ta karɓi dokar Ingila yadda take a ranar 1 ga Janairun 1900, a cikinta kuwa akwai shari'ar Lemmon da Webb ta 1894, wadda ta ba maƙwabci damar datse reshen da ya ƙetaro masa ba sai ya sanar ba, muddin bai taka ƙasar mai bishiya ba. Daga baya kotunan can suka faɗaɗa maganar zuwa ɓarnar saiwa. A 2001 kotun ƙolinsu ta lokacin ta yanke hukunci a kan wata bishiyar bakin titi a unguwar Maida Vale ta Landan, wadda saiwarta ta tsotse damshin laka har wani dogon bene ya tsattsage. Ƙaramar hukumar Westminster ta ƙi cire ta lokacin da gyaran bai wuce na fam 14,000 ba, ƙarshe aka ɗora mata kuɗin tallafe harsashi, sama da fam 570,000. Kundin dokokin farar hula na Faransa, wanda Nijar ta gada, ya bi da awo: bishiyar da za ta wuce mita 2 a tsawo a dasa ta mita 2 daga iyaka, ƙarama kuma rabin mita. Reshe, sai ka tilasta wa mai shi ya sare. Saiwa, kai da kanka kana iya datse ta a kan iyaka.

Mita 2 ba komai ba ne a wurin darbejiya, kuma a kwarin Majiya aka ga hakan a fili.

Wannan kwari yana yankin Buza a jihar Tawa, ƙasa mai albarka da iska ke kwashewa, tana binne tsiron gero da rairayi. A 1975 jami'an gandun dajin Nijar da ƙungiyar CARE da 'yan sa-kai daga Amurka suka fara dasa darbejiya layi biyu-biyu don tare iska, mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Kafin ƙarshen shekarun 1980 layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, awon da aka yi kuma ya nuna geron da ke bayan shinge ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Sai dai layin bai san iyakar gona ba. Wanda shinge ya ratsa gonarsa ya rasa kunyoyin da inuwa da saiwa suka cinye, wanda ke can gaba ya kwashi riba ba tare da ya rasa taku ɗaya ba. Rigimar zaure ce ta dawo da faɗin kwari guda, kuma ba ta lafa ba sai da aka fara yi wa layukan aski ana tsara yadda za a raba itacen tsakanin masu gona da jama'ar gari. Wani binciken da aka buga a 1997 ya gano abin da ya sa cutarwar ba ta yi tsanani a Majiya ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a can yana kusa, mita 6 zuwa 8, darbejiya na sha daga can ƙasa ta bar wa gero damshin sama. A tashar bincike ta Sadore kusa da Yamai kuwa, inda ruwan ke da zurfin mita 35, bishiya da gero kwano ɗaya suke ci, a ƙasar sama. Wannan ya bayyana abin da matan gida suka riga suka lura da shi: saiwar maƙwabci ba ta yawo a banza, gindin famfo take nufa, ko makwararar wanke-wanke, ko sokawe.

A Maraɗi kuwa, halin itace na sake toho bayan an sare shi ya zama arziki. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda gwamnatocin bayan 'yanci suka ci gaba da ita, ta mai da itatuwa masu daraja kayan hukuma ko da a gonar mutum suke. Manomi ya ga in ya bar toho ya girma, jami'i ne zai zo ya ci shi tara ranar da ya sare reshe. Sai ya zama kowace shekara ana share gona ƙal, a ƙone. Wannan ya faru ne a ƙasar da har yau ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu da tsananin hukuncin da ya sa a kan mai sare gawo. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aikin gona da mishan ta SIM, ya yi shekaru yana dashe yana mutuwa. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar taya saboda rairayi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi da ya saba ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga bishiya ce da aka sare, kututture da saiwa suna nan da rai, suna ta ƙoƙarin tashi. Gonakin duk cike suke da irinsu. Abin da ake bukata kawai a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kowane gindi, a rage sauran, a tsare shi daga awaki da wuta. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci a kusan ƙauyuka 100. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen wuta da abincin dabbobi da ƙarin hatsi a gindin gawo, maƙwabta suka kwaikwaya. Manoma suka raɗa masa suna sassaben zamani. Dokoki suka sassauta a 1993 da 2004, hotunan sama da aka kwatanta daga baya suka nuna kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu, mafi yawansu ba wanda ya dasa su.

A tsakar gida dai ba hekta ake magana ba, taku biyar ne tsakanin katanga da rijiya, kuma dole tohon ya fita. Akwai masu bin hanyar dare: a tona saiwa a zuba gishiri, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko maganin feshin nan mai bin jijiya da manoma ke kashe ciyawa da shi kafin shuka. Wannan mummunar dabara ce. Toho da uwa jiki ɗaya ne, guba na iya bin saiwa ta ƙetare katanga ta busar da bishiyar da ba ta mai zubawa ba, ta bar gishiri da mai a ƙasar da yara ke wasa, kusa da ruwan da gidan ke sha. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan, ta Tuhfa ko ta Ingila ko ta Faransa, da ta ba mutum ikon wuce iyakarsa.

Aikin da ke ci ana yinsa da rana, maƙwabci na tsaye. A haƙa rami a bin katanga ta cikin gida, zurfin kusan mita 1. Duk saiwar da aka tarar a yanke ta da zarto, yanka mai tsafta, don sara da gatari na farfasa ta ya ƙara mata idanu. In an ci karo da mai kaurin cinya dab da gindin bishiya, a dakata a yi shawara, don darbejiyar da aka raba da manyan saiwoyinta ta gefe guda guguwar farkon damina kan kayar da ita, kuma a kan katangar za ta faɗo. A jera tsohon kwanon rufi a tsaye cikin ramin, ko a zuba kankare, a mayar da ƙasa. Guntun saiwar da ya rage a cikin gida zai ci gaba da toho damina ɗaya ko biyu da ɗan abincin da ya ajiye, sai a riƙa fizge shi da hannu tun yana ja, kafin ya yi itace, a haɗa da idon da ya fito daga ciki. Tohon da ya riga ya yi ƙarfi kuwa, in an tono shi da ɗan guntun saiwarsa aka sa a leda da ƙasa mai taki, yakan kama, kamar yadda masu rainon itatuwa a Indiya suka daɗe suna yi. Bisa hukuncin almajiran Malik, mai bishiyar ake fara tambaya ko yana so, kafin a kai wa makarantar unguwa ko maƙabarta.